Ƙarfen da Aka Yi wa Hannun Dama

Shagona yana Gyaɗi-Gyaɗi, tsakanin mai sayar da fararen kayan ma'aikatan asibiti da wani mai shayi da ya fi kowa sanin abin da ke faruwa a layinmu. Hoto nake ɗauka, tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu har zuwa yanzu da kowa ya zama mai hoto da wayarsa. Ba na jin haushin waya. Ta ƙwace mana hoton biki da na suna, amma ta bar mana hoton da mutum yake so ya sa a gilashi ya rataye a falo, baƙo ya shigo ya tambaya. Wannan har gobe sai an zo wurinmu.

Babban aikina a shekara shi ne ranar yaye ɗalibai na wata makarantar koyon jinya da ke kusa da asibitin koyarwa. Na daɗe ina yi musu, har akwai waɗanda na ɗauka suna 'yan mata, daga baya na ɗauki 'ya'yansu cikin irin farin kayan. Tsarin aikin bai taɓa canzawa ba. Kowace ɗaliba hoto biyu take yi. Ɗaya a tsaye, ita kaɗai, daga hijabi zuwa takalmi, tana riƙe da takardar shaidarta. Ɗaya kuma a kwance, wato hoto mai faɗi, ita a tsakiya, dangi sun kewaye ta, har da goggon da ba a gayyata ba. Wanda bai san aikin ba zai ce ai sai ka gama na tsaye duka sannan ka koma na kwance. Mai wannan magana bai san dangi ba. Daga ƙauyuka suke zuwa, wasu daga Jigawa, wasu daga Katsina, kowa yana so ya kama motar komawa a tashar Unguwa Uku kafin la'asar. Da ka gama da 'yarsu sun kwashe ta sun tafi. Don haka a kan kowace ɗaliba sai ka juya kyamara, tsaye, kwance, tsaye, kwance, har layi ya ƙare. Ga mai hannu biyu wannan ba aiki ba ne, wuyan hannu kawai yake karkatawa.

Wata Talata da hantsi ina zaune ina yanke hotunan fasfo, almakashi ya suɓuce ya faɗi. Na sunkuya in ɗauka, hannun dama ya ƙi zuwa. Mai shayi ne ya leƙo ya ga bakina ya karkace, bai tsaya tambaya ba ya tare adaidaita sahu. Hawan jini ne, wanda na shekara ina yi wa kallon ciwon wasu, ina shan maganinsa ranar da na ga dama. Allah ya taimake ni asibiti a kusa yake. Cikin masu jinyar da suka yi ta juya ni suna goge ni, akwai biyu da na gane fuskokinsu tun daga bayan kyamara. Ɗaya ta ce, “Baba mai hoto, yau kai ne za ka tsaya yadda muka ce.” Ban iya ba ta amsa ba a ranar, amma na ji daɗin maganar har cikin raina.

Baki ya dawo. Ƙafa ma ta dawo, da ɗan ja kaɗan. Hannun ne ya ƙi. Da ƙyar yake ɗagawa zuwa cibiya, yatsun kuma sun dunƙule kamar mai ɓoye goro. Aka tura ni sashen gashi, wurin masu motsa gaɓoɓi, suka ba ni wata ƙwallon roba in riƙa matsawa. Na je sau uku na daina. Ni mutum ne mai gajen haƙuri, kuma zama cikin layi ana yaba min don na motsa ɗan yatsa ya fi ƙarfina. Ƙwallon ta koma hannun jikokina, hannun kuma ya koma aljihun riga, a can yake wuni.

Abin da ya fi ci min rai ba ciwo ba ne, gaisuwa ce. Mutum ya miƙo maka hannu da fara'a, kai kuma ka tsaya kana lissafin me za ka ba shi. In na ba da hagu sai in ga fuskarsa ta ɗan canza kafin ya tuna da larurata, sannan ya shiga ba ni haƙuri, wanda ya fi canjin fuskar zafi. Sai na koma dafa ƙirji daga nesa kamar mai gaida surukai. A masallaci ana yin sallama nake zamewa in nemi takalmina, don kada na kusa da ni ya miƙo. Abinci kuma na daina ci da kowa. A raina na riga na sallama wannan hannu, na ce ya yi iya nasa.

Da na koma shago sai na jawo tsohon sitan ɗina, wato ƙafa-ukun da ake ɗora kyamara a kai, na kakkaɓe shi. Na sayi ɗan rimot da zan riƙa dannawa da hagu. Hoton kwance bai ba ni wahala ba. Na tsaye ne ya tona min asiri. Sai ka sassauta wani mariƙi a gefe, ka kifar da kan sitan ɗin gaba ɗaya, kyamara ta rataye a gefe guda. Hannu ɗaya ba ya sassautawa kuma ya tare. In ma ka samu ka ɗaure, nauyin gilashin gaba yana jan ta ƙasa a hankali, mutum ya fito a hoto kamar zai faɗi. Ga shi idon kyamarar ya bar tsakiya ya koma gefe, sai ka sake jan ƙafafun kana gyara saiti. Wata rana wani mai adaidaita ya zo yana son hoto tun daga hula har takalmi ya aika gida. Ina kifar da kan sai duk abin ya taho, na tare da ƙirji. Ya ce, “Baba, kawo in riƙe maka.” Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma na kwana biyu maganar tana damuna.

Ana saura wata ɗaya da rabi a yi yaye, shugabar makarantar ta zo shagon da kanta. Hajiya ce mai ƙarancin magana, wadda ɗalibai suke jin takunta su gyara zama. Ta gaishe ni da jiki, ta zauna, ta ce, “Malam, ba zuwa na yi in karɓe aiki ba. Daga bakinka nake so in ji. Za ka iya?”

Na ce, “Hajiya, me zai hana?”

Ta kalli aljihuna, ta kalli sitan ɗin. Ni da ita mun san in na kasa a ranar, ba za a sake tara waɗannan dangi ba, kuma ni ma ba za a sake kira na ba. In wannan aikin ya tafi, rufe shagon ne ya rage, in koma zaman benci wurin mai shayi.

Ta ce, “Akwai wani tsoho a Tarauni, bayan kasuwa. A asibiti ya yi aiki har ya yi ritaya, yana haɗa wa mutane ƙafar roba da takalmin ƙarfe. Ka kai masa kyamarar.”

Na ce, “Hajiya, ai kyamarata ba gurguwa ba ce.”

Ta ce, “Ni ma ban ce ita ba ce.”

Da ma na taɓa gani a waya akwai wani ƙarfe da masu hoto suke ɗaura wa kyamara, lanƙwasasshe kamar gwiwar hannu. Ɓangare ɗaya yana bin gindinta, ɗaya yana bin gefenta. In kana son hoton tsaye ba ka taɓa kan sitan, sai dai ka zare kyamarar ka juya ta ka zaunar da ita a kan ɗaya ɓangaren, nauyinta yana nan a tsakiya. Na yi cigiya ban samu wanda ya dace da tsohuwar kyamarata ba, waɗanda na gani kuma da wani ɗan mitsitsin noti ake ɗaure su, sai mai yatsu goma. Da wannan hoton a wayata na hau adaidaita zuwa Tarauni.

Rumfa ce ta kwano a jikin wani gida, ƙafafu rataye a bango, manya da ƙanana, wasu da takalmi a jikinsu. Tsohon gajere ne, tabarau ɗinsa an ɗaure ƙafa ɗaya da zare. Na yi sallama ya amsa, ya miƙo min hannu. Na dafa ƙirji. Bai janye ba. Na miƙa hagu, bai karɓa ba. Haka ya bar hannunsa a iska yana kallona, har na rasa yadda zan yi, na sa hagu na ciro na daman daga aljihu na ɗora masa.

Ya ce, “Matse.”

Na yi iya yina. Ni dai ban ji na yi komai ba.

Ya buɗe tafinsa ya ce, “To tura.”

Na tura da gindin tafina, kafaɗa tana taimakawa. Ya ce, “To,” ya sake ni.

Na nuna masa hoton ƙarfen, na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce komai a hagu nake so, hagu ta ɗaga, hagu ta juya, hagu ta kulle. Ya ce ya ji. Sai ya ɗauko tef ɗin awo, maimakon ya nufi kyamara ya nufo ni. Ya auna daga kafaɗata zuwa gwiwar hannu, ya auna faɗin tafina, ya auna daga ƙasa zuwa inda hannun yake iya kaiwa. Na ce, “Baba, riga za ka ɗinka min?” Ko murmushi bai yi ba. Kyamarar sai daga ƙarshe ya juya ta sau biyu, ya zana gindinta a bayan kwali. Washegari kuma sai ga shi a shagona, ya samu kujera ya zauna tun hantsi har azahar yana kallon yadda nake aiki. Shayi ɗaya ya sha, ya tashi ya tafi.

Bayan kwana goma ya aiko in zo da kyamara da sitan. Gaskiya da na ga aikin sai da na yaba. Da ƙarfe marar nauyi ya yi, irin wanda yake yi wa yara takalmi da shi, ya shimfiɗa jar fata a ciki don kada ya karce kyamara, ya bar ƙofa daidai wurin batir. A kan sitan ɗin ya ɗaura wani faranti mai kwari, wanda kowane ɓangare na ƙarfen yake shiga ya zauna. Ya sa a kwance, ya zare, ya juya, ya sa a tsaye. Idon kyamarar bai bar tsakiya ba ko da faɗin yatsa. Har maɓallin ɗauka ya dawo ta hagu in tana tsaye. Na fara sa masa albarka, sannan idona ya kai kan makullin.

A dama yake. Wani dogon hannu ne ya sauko daga farantin, an sa masa katako mai faɗin tafi a ƙarshe, wanda za ka tura gaba ya kulle, ka bugo shi baya ya buɗe. Na ce a raina ba komai, zan zaunar da kyamarar in zagayo da hagu in tura. Ina sakin ta sai ta sunkuya gaba za ta zame, na yi wuf na cafke. Ashe ba ta zama sai an kulle, kuma ba a kullewa sai hagu tana riƙe da ita.

Na ce, “Baba, an yi kuskure.”

Ya ce, “Ba a yi ba.”

“Na ce maka hagu.”

“Ka ce.”

“To me ya kawo wannan nan?”

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Ya ce, “Ranar da ka zo ka tura tafina, na ji abin da ke ciki. Hannun nan bai mutu ba, Malam. Korar sa ka yi daga aiki.”

Raina ya ɓaci. Na ce, “Ni aikin ƙarfe na kawo maka, ban kawo maka jikina ba. Sati huɗu ya rage min. In kyamarar nan ta faɗi a gaban mutane, kai ne za ka tsaya a wurin?”

Ya ce, “Ni ban taɓa yi wa ƙarfe aiki ba, mutum nake yi wa. In na mayar da shi hagu, za ka yi aikinka lafiya lau, wannan kuma ya tabbata a aljihu har a binne ku tare. Ba da ni za a yi ba. Masu walda sun cika gari.”

Na tattara kayana na fita ko sallama ban yi masa ba. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Dattijo ya bar aikinsa ya wuni a shagona, ya yi kwana goma a kan ƙarfena, ni kuma na saka masa da tsaki.

A gida na zazzage wa maiɗakina komai, na ce gobe da safe wurin mai walda za ni. Tana tsince shinkafa a tire, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Malam, likita ya ce ka sha magani ka ƙi. Masu gashi sun ba ka ƙwallo ka ba yara. Yanzu an samu wanda ya fi ka taurin kai, shi ne abin ya yi maka zafi.” Na ce ba ta san aikin hoto ba. Ta ce, “Ban sani ba. Amma ka ba shi sati ɗaya. In ya ƙi, ni da kaina zan raka ka wurin mai waldar.”

A tsakar gida na kafa sitan ɗin, na shimfiɗa katifa a ƙasa saboda tsaro. Ranar farko sai da na karkata jikina gaba ɗaya na wurga kafaɗa kafin hannun ya fito ya hau kan katakon. Turawa kuma ta zama wani aikin. Hagu ta gaji da riƙo, gumi yana shiga min ido, ina ta faɗa wa tsohon nan maganganu a zuci. Can na ji ƙwas, ya kulle. Maiɗakina ta ce, “To ɗauke ni mana.” Na ɗauke ta a kwance da tirenta. Na bugo katakon da bayan hannu, na juya, na sake fama, na ɗauke ta a tsaye. A ranar sau shida na iya. Ina da hotunan matar nan tana tsince shinkafa, tana shanya, tana hararata, sun fi na ranar aurenmu yawa nesa ba kusa ba.

Sati ya cika ban je wurin mai walda ba, ita ma ba ta tuna min ba. Na mayar da sitan ɗin shago, duk wanda ya zo ko fasfo yake so sai na juya kyamarar sau biyu. Kafaɗata ta yi ta ciwo kamar an daka. Amma a sati na uku na lura ba na wurga jiki kuma, hannun yana tashi da kansa ya sami katakon. Duk da haka ban huce ba. Na riƙa cewa a raina ko me ya faru, ai ba abin da na ce a yi min ke nan ba.

Ranar yaye aka tashi da rana mai zafi. Na ɗaura labulena tsakanin bishiyoyin darbejiya biyu a harabar makarantar, na kafa sitan. Ana gama jawabai layi ya miƙe, fararen kaya a gaba, dangi a baya da kuloli da jarirai. Hajiya ta tsaya a gefe da takarda a hannu, wai tana duba sunaye.

Na farko sun tafi daidai, sai dai a hankali. Ɗaliba ta tsaya, in danna. In bugo katako, in zare, in juya, in zaunar, in tura, ƙwas. “Dangi ku shigo. Inna, matso kusa da ita. Alhaji, ɗan ɗaga hular, ta rufe maka ido.” In danna, su fita, in sake juyawa. Wani kawu ya ce, “Mai hoto, wannan injin naka kamar na markaɗe.” Na ce, “Shi ne, Alhaji, ka tsaya da kyau kada ya haɗa da kai.”

Bayan azahar ne abin ya zo. Layi ya ci rabi, hannun ya fara rawa tun daga kafaɗa. Na juya kyamara zuwa kwance, dangi kusan goma sun jeru suna murmushi, na ɗora tafi a kan katako na tura, ya ƙi. Na sake turawa, hannun ya zame ya faɗo gefena. Hagu tana riƙe da kyamara, ba damar saki. Murmushin mutane ya fara bushewa, wani jariri ya sa kuka. Na ce shi ke nan, ranar da nake tsoro ta zo, kuma a gaban kowa. Ɗalibar da ke tsakiya ta taho da sauri za ta tura min, irin halinsu na masu jinya. Sai na ji muryar Hajiya daga gefe, ba da ƙarfi ba.

Ta ce, “Ƙyale shi.”

Yarinyar ta koma wurinta. Na ja numfashi, na yi bisimilla, na kalli hannun kamar yau na fara ganinsa. Ya taso a hankali, ya sami katakon. Na tura har haƙorana suna haɗuwa. Da na ji ƙwas ɗin nan, wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Na ce, “To ku dawo da murmushin, ba a biya ku kuɗin ɓata rai ba.” Suka yi dariya, na danna, hoton ya fi na kowa kyau a ranar.

Ban san yadda aka yi sauran suka wuce ba. Na dai san ana kiran la'asar ɗaliba ta ƙarshe ta tsaya. Danginta ba su da yawa, uwa da ƙanne biyu da mahaifinta, wani dattijon manomi da ya sha sabuwar shadda har yanzu da karin guga a jikinta. Na yi mata na tsaye, na juya, na yi musu na kwance. Suna watsewa sai dattijon ya nufo ni yana cewa, “Malam, sannu da aiki, Allah ya saka da alheri,” ya miƙo hannu.

Ban yi lissafin komai ba. Hannun da ya wuni yana tashi zuwa wannan tsayin ya tashi, ya shiga nasa. Yatsun ba su gama buɗewa ba, amma tafinsa mai kaushi ya rufe su, ya girgiza sau biyu, ya sake, ya juya yana ce wa iyalinsa su yi sauri kada mota ta cika. Bai lura da komai ba. Bai ba ni haƙuri ba, bai ce Allah ya ƙara sauƙi ba. Mai hoto ya gaisa da shi kawai, ya tafi. Na tsaya ina kallon katakon, sai a lokacin na gane awon da tsohon ya yi daga ƙasa. Daidai inda mutum yake miƙa hannu in zai gaisa, a nan ya sa shi. Na zagaya bayan labule kamar zan kwance igiya, na yi kukana na share fuska.

Hajiya ta zo wucewa ta ce, “Sai baɗi, Malam, in Allah ya kai mu.” Iyakar abin da ta ce ke nan, ni kuma ya ishe ni.

Washegari da hantsi na tafi Tarauni. Tun a adaidaita nake shirya kalaman ban haƙuri, ina gyarawa. Na tarar da shi a durƙushe yana ɗaure wa wata mata maɗaurin ƙafa, na jira har ta tafi. Ya miƙe yana dafa gwiwa, ya ɗago tabarau ya gane ni. Duk abin da na shirya ya gudu. Na yi sallama, na miƙa masa hannun dama, ni na fara.

Ya karɓa. Ya ce, “Matse.”

Na matse.

Ya ce, “Da saura. Ka koma wurin masu gashi, ka karɓo ƙwallonka a hannun yara.”

Na ce, “Zan koma, Baba. Ka yafe min. Na gode, na gode, Allah ya yi maka abin da ka yi min.”

Ya yi kamar bai ji ba. Sai ya shiga gaishe ni irin gaisuwar da na yi wata da watanni ban samu ba, ina gajiya, ya iyali, ya yara, ya aiki, ya muka ji da zafi, ya mutanen Gyaɗi-Gyaɗi. Ina amsawa yana ƙaro wata. Duk tsawon gaisuwar hannuna yana cikin nasa, bai saki ba, ni ma ban janye ba.